Yadda Na Sa wa Tawada Iri

Mijina mutum ne mai hankali a kan komai, ban da tawada. Wannan ba cin naman mamaci ba ne, don yana da rai ma na sha faɗa masa, ido da ido.

Daga Damagaram muka zo Gure, ƴan shekaru kafin yaƙin Turawa na biyu. Ya buɗe ɗan kanti a bakin kasuwa yana sayar da sukari da ashana da sabulu da allura, irin tarkacen nan. Wata rana cikin kayan da aka aiko masa sai ga wasu ƴan kwalabe na tawadar Nasara, irin wadda ake ɗura wa alƙalamin nan mai ciki, wanda suke ce wa sitilo. Shi bai ce a aiko ba. Kuma ba baƙa ba ce, ba shuɗiya ba ce, wata iri ce ruwan ƙasa-ƙasa. Ta yi watanni a kanti ba wanda ya ko taya. Malaman gari suna da tasu ta gawayi da ƙaro, mutanen bariki kuma tasu daga sama ake aiko musu. Sai maigida ya buɗe ɗaya don ya ga abin da ya hana ta fita, ya ɗura a alƙalaminsa, ya ja layi a takardar ƙunshe sukari. Tun daga wannan layin ban ƙara samun mijina cikakke ba.

Da shi kaɗai ciwon ya kama da sauƙi, amma ya shafa wa mutum biyu. Na farko tafintan bariki ne, wani dogo mai tsabtar tsiya, wanda ko tabarma zai zauna sai ya hura ta. Na biyu tsohon soja ne, Bamange daga cikin Barebari, kowa kafaran yake ce masa, wato kofur, ya dawo gida yana noman albasa a kwari. Shi wannan bai iya rubuta ko alif ba. Yana dai da sitilo da ya tsinto wajen yawon sojansa, bakin ya karye tun kafin ya zo hannunsa, amma kullum yana maƙale a aljihun gaba. Shi ƙamshin tawadar ne ya kama shi. Ya ce in ya shaƙa sai ya tuna wani gari a bakin teku, ko da yake ya manta sunan garin.

Kullum bayan la'asar sai su hallara a zaurenmu. Ni ina tsakar gida ina aikina, kuma danga ba ta ɓoye magana, ina jin komai. Za a ɗauko kwalba, a buɗe a hankali, a miƙa wa kafaran ya shaƙa, sannan maigida ya ja layi ɗaya, tafinta ya ja nasa, su ƙura wa takarda ido har ta bushe. Wai a bushewar nan ne abin yake. Tana jiƙe kusan baƙa ce, tana shan iska sai ta buɗe, gefen layin ya yi duhu, tsakiyar ta yi haske. Daga nan sai gardama. Maigida ya ce launin bayan dabino ne in an ɗaga shi a rana. Tafinta ya ce sam, launin gahawar kumandansu na bariki ne. Kafaran ya ce duk ba su sani ba, launin ɗamararsa ta soja ne ranar da aka ba shi ita sabuwa. Haka za su yi ta yi, manya da gemunsu, har ladan ya raba su.

Na yi ta tsaki, ba na musu. Amma a raina na san abin da zauren nan yake wa mijina. Baƙo ne a garin, ba dangi, ba abokin ƙuruciya, ga shi ba mai iya shiga mutane ba. Kafin tawadar nan in ya rufe kanti sai ya zauna shi kaɗai yana jan carbi yana kallon ƙofa. Da ta zo har ƙiba ya yi.

Ana nan kwalabe suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, maigida ya aika Damagaram a ƙaro. Amsa ta dawo wai babu. Ya sa wani falke mai zuwa Kano ya duba masa. Falken ya dawo ya ce ya bi kantunan birni da na waje, kowa ya ce masa Nasaran da ke yin ta sun daina, in baƙa ko shuɗiya ake so ga su nan jingim. Ranar da wannan labari ya iso, wanda ya wuce ƙofarmu zai ɗauka rasuwa aka yi. Kafaran har hularsa ya cire. Abin da ya rage musu a duniya kwalba ɗaya ce, ita ma an ɗan taɓa ta.

Suka kafa doka. Ba a ƙara jan layi sai ranar Juma'a. Kafaran zai shaƙa, amma da hanci ɗaya, kuma kada ya ja da ƙarfi, don tafinta ya rantse shaƙar ma tana rage ta. Sauran kwanaki sai su zauna su sa kwalba a tsakiya suna kallo. Hirar ta mutu. Gardamar launi ma ba wanda ke da kuzarin tayar da ita. Wani lokaci tafinta ya ƙi zuwa, wai aiki ya yi yawa. Na ga mijina ya fara komawa kallon ƙofa, kuma gaskiya abin ya tsorata ni.

To, ni kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, a hannunta na tashi, kuma in dai nono ne ba na jin akwai macen da za ta koya mini a duk ƙasar nan. Muna da saniya ɗaya da awaki, kullum ina kwantar da madara. Wata yamma na kai musu ruwa bakin zaure, na tarar da su jugum kamar kaji sun ga shaho, sai bakina ya suɓuce. Na ce da mata ne ke da wannan matsalar da tuni an gama. Wa ya taɓa jin nono ya ƙare a duniya? Ɗan ragowar na jiya kake zubawa cikin sabuwar madara, ka rufe, gari ya waye duk ƙwaryar ta zama nono. In tawadarsu tana da asali, su sa mata iri mana.

Wallahi da gatse na faɗa. Na juya zan koma ciki.

Kafaran ne ya fara magana. Da ma tsakaninmu akwai wasan Fulani da Barebari, bai taɓa kirana da wani suna ba sai Ƴar Fulani.

"Ƴar Fulani, tsaya. Yau dai Allah ya sa hankali a bakin danginku."

Na ɗauka tafinta zai yi dariya, shi da ya yi lakwal, makarantar Nasara. Ina! Ya gyara zama ya ce ai haka Nasara suke yin burodi, ya gani da idonsa a kicin ɗin kumandan, ana ajiye ƙullin jiya a cuɗa cikin na yau. Ya ce ba mamaki tawadar ma haka suke yin ta, ƙila irin ne ya mutu musu shi ya sa suka daina. Da ya faɗi haka sai suka dubi kwalbar nan da wani sabon girma, don ta yiwu ita ce iri na ƙarshe da ya rage a duniya, kuma ga ta a Gure, a zaurenmu. Maigida ya dube ni da wani ido da rabona da ganinsa tun ina amarya. Ta yaya zan ce masa wasa nake yi? Kuma da na koma ciki na yi ta juya maganar, sai na ga ai ba ta da wani aibu. Har gobe ban ga aibunta ba.

Aka shiga neman abin da zai zama madarar. Mun jiƙa bagaruwa, muka tace, muka narka ƙaro a ciki don ta yi jiki, kafaran ya kawo wasu saiwoyi daga kwari ya ce su ne za su ba ta ƙamshi. Na ce kuma ba a kwantar da abu a kowace ƙwarya, sai wadda ta saba. Na ɗauko babbar ƙwaryar nonona da kaina, ba wanda ya tilasta ni. Maigida ya yi bismilla ya ɗiga tawada ɗigo kaɗan. Na rufe da faifai, na kai lungun ɗaki inda nake ajiye madara, na ce kada wanda ya kusanci wurin.

Da safe tun ban share tsakar gida ba suka yi sallama. Tafinta ko bariki bai biya ba. Aka buɗe, sai ga jiƙon bagaruwa yadda muka zuba shi, ko gezau. Maigida ya tsoma tsinke ya ja a takarda, abin ya fito kamar sawun ruwa. Suka dube ni. Ni kuwa ba a duba na haka a kan aikin ƙwarya. Na ce laifinsu ne, sun yi rowar iri. Wa ya taɓa kwantar da ƙwarya guda da abin da bai cika idon allura ba? In za a yi a yi, in ba za a yi ba a ba ni ƙwaryata.

Suka yi shawara har rana ta take. Daga ƙarshe aka zuba rabin kwalba.

Wannan karon na ce sai ta kwana biyu, tunda abin Nasara ne, bai san ƙwarya ba. Na lulluɓe ta da tsohon zane don ta ji ɗumi. Kashegari da hantsi na je ɗiban ruwa, na dawo na tarar da kafaran a tsakar gidana, wai ya shigo neman wuta, a gidan da ya san ba a hura wuta ba tukuna. Faifan nan kuwa ya karkace. Na ce ya buɗe. Ya rantse da kabarin kyaftin ɗinsa bai buɗe ba, hancinsa kawai ya sa. Duk mai kwantar da nono ta san ba a leƙa shi yana tsakiyar kamawa, kunya gare shi. Da aka buɗe ran da aka ɗiba, ruwan ya yi duhu kam, har maigida ya fara murmushi, amma da aka ja layi ya bushe sai ya koma wani toka-toka mai kore, launin da ba shi da dangi. Na nuna kafaran da muciya na ce ga wanda ya ɓata.

A nan ya kamata a tsaya. Tafinta ma ya ce a tsaya, a riƙe rabin da ya rage, kada garin neman gira a rasa ido. Amma maigida ya ce ai an ga alama, ta yi duhu, saura ƙiris. Kafaran, don ya wanke kansa, ya ce shi zai tafi kwari ya zauna can har a gama, kada a ƙara ɗora masa. Ni kuma zuciya ta riga ta ɗebe ni. A ce ƙwaryar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ta kasa a gaban Bamange? Na ce a kawo sauran, duka, a ɗauraye kwalbar ma a zuba. Maigida ya riƙe kwalbar nan ya daɗe. Sannan ya miƙo mini.

Na yi duk abin da na sani. Na tace sabon jiƙo da tsumma mai kyau, na dafa shi na bar shi ya huce daidai ɗumin madarar da aka tatso yanzu. Na zuba iri da hannun dama, na rufe, na ɗaure faifan da igiya, na ja ƙofar ɗakin na hana ko kaza shiga. Na bar ta ta kwana ta ƙara kwana, ta ƙara.

Ranar buɗewa warin ne ya fara yi mana sallama. Saman ya yi hunhuna, fari da kore, da gashi-gashi. Da na yaye, ƙasan wani ruwa ne mai yauƙi. Maigida duk da haka ya tsoma tsinke ya ja a takarda, muka tsaya muna jira ya bushe. Ya bushe, ba komai a wurin sai ɗan tabo. Kafaran ya sunkuya ya shaƙa, ya miƙe da hawaye a ido, ya ce wannan ma ta tuna masa wani gari, amma ba wanda yake son komawa ba. Ba wanda ya yi dariya. Tafinta ya karkaɗe rigarsa ya ce bakin alƙalami ya bushe, ya fita. Na kai ƙwaryar bayan gida na kifar, ko awaki ba su matso ba.

Na shirya wa faɗa. Na tanadi amsoshina, har da na ajiya: rijiyar unguwarmu kanwa ta yi mata yawa, saiwoyin kafaran ba a san asalinsu ba, bagaruwar ta bara ce. Amma mutumin nan bai ce mini uffan ba. Ya wanke sitilonsa, ya naɗe a ƙyalle, ya sa a akwati. Yana zuwa kanti yana dawowa, yana cin abinci yana cewa an gode. Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a zaure kamar kullum, ba wanda ya zo. Tafinta yana jin haushin ba a ji maganarsa ba, kafaran yana jin kunya, kuma ko sun zo me za su sa a tsakiya? Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ina daka ina jin shirun zauren nan yana ci mini rai, har na fara jin haushinsa a kan ya ƙi yin faɗan.

Ƙwaryata kuwa ta tashi daga aiki. Na wanke, na goge da toka, na shanya, cikinta ya rine ya ƙi fita, ba mai kwantar da madara a cikin wannan. Wata yamma haushi ya ishe ni, na ce tunda shi da abokansa suka lalata mini ita, to shi zai sha a ciki. Na dama fura a cikinta na dangwara masa a zaure, na koma bakin danga na tsaya ina jiran ya yi magana, ko ta tsiya ce.

Na ji ludayi yana tafiya, yana tafiya, sai ya tsaya. Na leƙa. Ya sha ya kai rabi, ya karkata ƙwaryar wajen hasken ƙofa, ya ƙura mata ido. Inda farar fura ta janye, jikin ƙwaryar a jiƙe ya fito da wani launi, duhu a gefe, haske a tsaka, yana ƙara buɗewa yana shan iska. Ashe abin da ruwan ya ƙi karɓa, ƙwarya ta shanye. Ni da na yi ta gurzarta ban lura ba, don ni ba launi nake nema ba, ƙwaryata nake nema.

Ko takalmi bai sa ba ya fita. Can sai ga su su uku, kafaran da laka har gwiwa. Aka ƙarasa shanye furar da sauri don a ga gindin. Maigida ya ce bayan dabino. Tafinta ya ce gahawar kumandan. Kafaran ya ce ɗamara, kuma a ba shi ya shaƙa. Ina bayan danga na zauna a kan turmi, sai na ji idona ya kawo ruwa, na ce hayaƙi ne ko da yake ba mai tambayata.

Sai tafinta ya kawo shawara wai a fasa ƙwaryar gida uku, kowa ya tafi da rabonsa kamar naman watanda. A nan na ɗaga murya. Na ce ƙwarya tawa ce, duk mai son ganinta ya zo inda take. Kuma sun gano a bushe ba ta nuna kanta sosai, sai an sha fura a ciki. Kun ji yadda na jawo wa kaina dakan furar ƙarti uku kullum, shekara da shekaru, kuma kafaran ba ya sha da wasa.

Abin da ake wankewa kullum ba ya dawwama. Na rage gurza, na koma ɗauraya da ruwa kawai, duk da haka launin yana ta janyewa a hankali. Aka kai lokacin da in na duba ba na ganin komai sai tsohuwar ƙwarya irin ta kowa. Su kuwa ba abin da ya sake. Su sha, su karkata ta wajen ƙofa, sannan gardama ta tashi. Har na fara tunanin ko idona ne.

Wata safiya maigida zai fita kanti na tare shi da ƙwaryar a hannu.

"Malam, don Allah, kai har yanzu kana ganin launin nan?"

Ya waiga ƙofa, ya rage murya.

"Tun bara ya tahi. Amma su suna gani. Kada ki hwaɗa musu."

Ban faɗa ba. Bayan ƴan kwanaki tafinta ya riga kowa zuwa, ya yi sallama daga bakin danga, ya gaishe ni da ladabinsa na bariki, ya ce uwargida, shi fa ya daɗe da sanin ƙwaryar ta koɗe, amma a rufa wa maigida asiri, mutumin nan ransa a kanta yake. Na ce to. Kafaran ne na ƙarshe. Shi ya kawo mini albasa ne, ya ajiye, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Ƴar Fulani, ƙwaryar nan ko ƙamshin babu, sai na hura. Waɗancan biyun ba su gane ba, ƴan boko ne. Ki bar su haka nan."

Na ce masa ya tafi ya wanke ƙafa, la'asar ta kusa. Na ɗauko gero na zuba a turmi.